Tsaunin Kagoro: A Fara Share Turba Kafin A Yi Zancen Gandun Ƙasa

Duk wanda ya saba fita da sassafe ranar Asabar a Abuja ya san wata sabuwar al'ada da ta shigo rayuwar ma'aikata a 'yan shekarun nan. Tun kafin rana ta fito ake ganin motoci jere a gindin duwatsun Katampe da Mpape da Ushafa, maza da mata da takalman tafiya, kowa riƙe da gorar ruwansa, ana haramar hawa. A cikinsu akwai daraktan da likita ya ja wa kunne a kan hawan jini, akwai hadimin ɗan majalisa da ya kwana biyar yana bin fayil daga ofis zuwa ofis, akwai kuma matasan da babban burinsu shi ne hoton da za su ɗauka a ƙololuwa. Awa biyu ko uku an gama, an sauko, an watse. Wanda ya yi wata shida yana wannan, ƙafarsa ta yi ƙwari, sai ya fara cigiyar tafiyar da za ta cinye yini guda, wadda zai tashi da asuba ya ratsa tsauni da kwari da rafi, ya sauko kafin magariba. Wurin da ya fi dacewa da wannan buri, kuma mafi kusa da shi, yana kudancin Jihar Kaduna, tafiyar awa uku zuwa huɗu a mota. Kaɗan ne ke da ƙarfin halin zuwa, kuma babu hukumar da ta yi tanadin da zai sa hankalinsu ya kwanta.

Tsaunin Kagoro reshe ne na tsaunukan Jos da ya miƙo kudu maso yamma ya tsaya a Ƙaramar Hukumar Kaura, 'yan kilomitoci kaɗan daga Kafanchan. Tsayinsa ya haura mita 1,200 daga doron teku, alhali garin Kafanchan bai kai mita 800 ba. Iskar damina idan ta taso daga kudu takan ci karo da wannan bango ta sauke ruwanta, shi ya sa yankin yake da kurmi irin na kudancin ƙasar nan a tsakiyar ƙasar ciyawa, har masana tsuntsaye suka sanya dazuzzukan Kagoro da Nindam cikin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye a Najeriya. Daga wannan tsauni ƙoramu ke gangarowa har su kai mafaɗar ruwa ta Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin kimanin mita 30. Can yamma, a ƙasar Jaba, ga ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu na farko a 1928, kafin Bernard Fagg ya gane a shekarun 1940 cewa wata tsohuwar wayewa ce ke kwance a ƙarƙashin ƙasar. Ta gabas kuwa tsaunukan Takad ne suka haɗe da Filato. Da wuya a samu wani yanki kusa da babban birnin tarayya da ya tara tsauni da kurmi da ruwa da tarihi a wuri ɗaya kamar wannan.

Duk da haka babu gandun dajin ƙasa ko ɗaya a kudancin Kaduna. Tsofaffin gandaye bakwai da ke ƙarƙashin Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa su ne na Tafkin Chadi da Kuros Riba da Gashaka-Gumti da Tafkin Kainji da Kamuku da Okomu da Tsohuwar Oyo. Sababbi goma da Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da su a 2020 sun haɗa da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da Pandam a Filato da Marhai a Nasarawa, amma ba a taɓo wannan yanki ba. A 2025 kudancin Kaduna ya samu jami'ar tarayya a Kachia da cibiyar lafiya ta tarayya a Kafanchan. Wanda ya san yadda tunani ke tafiya a ofisoshin Abuja ba zai yi mamaki ba idan wata rana wani hadimi mai kyakkyawar niyya ya kai wa maigidansa shawarar cewa abin da ya rage shi ne a gabatar da ƙudurin mayar da tsaunin Kagoro gandun ƙasa. Shawarar tana da daɗin ji, tana kuma da daɗin karantawa a jarida. Sai dai a halin da ake ciki kuskure ce. Abin da tsaunin yake bukata tukuna ƙaramin abu ne, mai wuyar riƙewa: turba guda ɗaya ta yini ɗaya, wadda aka auna, aka yi wa alama, aka ba ta 'yan jagora, kuma ta zauna a hannun masu tsaunin.

Dalili na farko yana cikin Jihar Kaduna kanta. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari ya fara ne a matsayin gandun En'e a 1936, aka ɗaga shi zuwa gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Yana da doka, yana da iyaka a taswira, yana da ma'aikata da kaki. Wannan duka bai hana shi zama mafakar 'yan bindiga na tsawon shekaru ba, har sunansa ya fi fitowa a rahoton tsaro fiye da littafin yawon buɗe ido. Sulhun da gwamnatin jiha ta ƙulla a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya kawo sauƙi ga kasuwa da hanya, amma har yanzu ba wanda zai ɗauki iyalinsa ya ce za su kallon namun daji a Kamuku. Laifin ba na jami'an gandun ba ne, waɗanda ake turawa daji da kayan aikin da ba su kai na maharan ba. Abin lura shi ne, ayyana wuri a matsayin gandun ƙasa yakan fitar da mutanen da suka saba shige da fice a cikinsa, kuma idan hukuma ba ta da ƙarfin cike gurbinsu, wasu ne za su cike shi. Daji ba ya zama babu kowa.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma ya shafi doka. Dokar gandayen ƙasa ta 1999 ta haramta farauta da kiwo da noma da sare itace da cinna wuta a cikin gandu, har shiga ma sai da izini. To, tsaunin Kagoro ba kango ba ne. Kakannin mutanen Gworok a kansa suka zauna, a cikin koguna da lungunan da dokin mahara ba ya iya hawa, kuma wannan na cikin abin da ya sa ƙasarsu ba ta shiga ƙarƙashin sarakunan Zazzau ko Jama'a ba. Turawan mulkin mallaka ma a matsayin gunduma mai cin gashin kanta suka bar ta, kamar Moroa da Jaba. Har yau akwai masu zama da noma a bisa tsaunin. Bikin Afan da ake yi ranar 1 ga Janairun kowace shekara, wanda ya shahara a zamanin marigayi Malam Gwamna Awan da ya yi sarauta daga 1945 zuwa 2008, ya kuma ci gaba a ƙarƙashin Sarkin Kagoro na yanzu, Ufuwai Bonet, sunansa ma daga tsaunin ya fito, domin ma'anar kalmar ke nan a harshensu. Asalinsa bikin kammala girbi ne da buɗe lokacin farauta. Ke nan ranar da aka sa hannu a kan takardar gandu, al'adar da ta ba wurin suna za ta koma laifi a idon doka, manomin da ke bisa tsauni kuma ya zama baƙo a gonar kakansa. Wanda yake ganin wannan tsoro ne kawai, ya tambayi ƙauyukan Okwa da Okwangwo da gandun Kuros Riba ya zagaye tun 1991, waɗanda aka yi wa alkawarin sake matsuguni, shekaru suka yi ta wucewa suna jira. A yankin da kusan kowace fitina a kan ƙasa take farawa, sake shata iyaka daga Abuja wasa da wuta ne kusa da rumbu.

Turbar yini guda ba ta ƙwace ƙasar kowa, domin a kan hanyoyin ƙafar da manoma da mafarauta da masu ɗiban zuma suka riga suka taka za ta bi. Amma kada a ɗauka cewa abu ne mai sauƙi. Tafiya mai nisa a bisa tsauni, wadda dole a gama ta tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, lissafi ce kafin ta zama nishaɗi. A 1892 wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da ma'aunin da har yau ake aiki da shi: a ba kowane kilomita biyar awa guda, a ƙara awa guda a kan kowane mita 600 na hawa. Idan aka ɗauki turba mai kilomita 20 wadda jimillar hawanta ya kai mita 900, tunda hanyar tsauni hawa ce da gangara da sake hawa, za ta ci awa biyar da rabi ga ƙaƙƙarfan mutum da bai tsaya ko shan ruwa ba. Ma'aikacin da ke wuni a kujera, ga rana, ga hutu, ga salla, ga cin abinci, sai ya yi awa takwas ko tara. A watannin Disamba da Janairu hasken rana a Kafanchan kimanin awa goma sha ɗaya da rabi ne, kuma da rana ta faɗi duhu ba ya jira. Wanda ya tashi ƙarfe bakwai zai sauko wajen ƙarfe huɗu, ratar awa biyu kawai ke tsakaninsa da dare. Ƙafa guda ta gurɗe, ko ayari ya ɓata hanya na rabin awa, ratar ta tafi. Shi ya sa duk turbar da ta amsa sunanta take da ƙayyadadden wuri da lokaci, wanda idan ayari bai kai wurin a kan lokacin ba dole ya juya, ko da a cikinsa akwai babban sakatare.

Sai ruwa. Mai irin wannan tafiya yana bukatar aƙalla lita uku zuwa huɗu, kowace lita kuwa nauyin kilo guda ce a bayansa. Dole a san ƙoramar da ba ta ƙafewa da rani, da wadda dabbobi ke sha daga sama. Wannan ilimi ba ya cikin wata taswira a Abuja, yana kan mutanen wurin. Haka lokacin tafiya: da damina dutse yakan yi santsi, ciyawa ta rufe hanya, rafi ya cika cikin ƙanƙanen lokaci, ga tsawa a saman tsauni, a Maris da Afrilu zafi ne ke kayar da mutum. Abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, su ma da nasu sharaɗi, domin ƙurar hunturu takan rufe hangen nesa, wutar daji kuma takan tashi ba sanarwa. Akwai kububuwa da kasa a tsakanin duwatsu, akwai ƙudan zuma a cikin tsaguna, waɗanda masu hawa suka fi rainawa alhali sun fi saurin tarwatsa ayari. Wayar salula tana ɗaukewa da zarar an shiga kwari. Saboda haka tambayoyin da ya kamata a amsa kafin a gayyaci baƙo ko ɗaya ba su da ƙawa: ina ne wuri mafi kusa da babur zai iya isa, mutum nawa ne za su ɗauko wanda ya karye, wa ke riƙe da oba-oba a gindin tsauni, kuma shin akwai maganin dafin maciji a asibitin Kafanchan a ranar, ko sai an nemo daga Jos. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne matsalar ta shafi mai karatu kai tsaye, domin tsarin kasafin kuɗin tarayya ba ya son irin wannan aiki. Kasafi ya fi son babban aiki mai kwangila, wanda za a ƙaddamar a yanke zare: ƙofar shiga, allo mai hoton wanda ya kawo aikin, ginin tarbar baƙi, rumfunan hutawa. Turba kuwa ƙananan kuɗi take ci, amma kowace shekara. A share ciyawa bayan damina, a sabunta fentin alama a jikin dutse, a gyara matakin da ruwa ya cinye, a sake horar da 'yan jagora a kan taimakon gaggawa, a sayi batir. Irin waɗannan kuɗaɗen gudanarwa su ne na farko da ake zaftarewa, su ne kuma na ƙarshe da ake saki. Najeriya tana da misalai biyu da suka isa darasi. A Obudu, gwamnatin Kuros Riba ta kafa motar igiya mai hawa tsauni a 2005, abin alfahari a lokacin, daga baya ta shafe shekaru ba ta motsi saboda rashin kulawa. A Sukur ta Ƙaramar Hukumar Madagali kuwa, wurin farko a ƙasar nan da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1999, hanyoyin dutse da ke hawa zuwa fadar Hidi mutanen wurin ne suka shimfiɗa su da hannu tun zamanin kakanni, su ne kuma ke gyara su da aikin gayya. Harin Boko Haram na 2014 ya ƙona gidaje a can, amma hanyoyin suna nan, saboda masu su suna bin su kullum.

A ƙasashen da wannan harka ta kafu ma, hukuma ta koyi sauraren masu tsauni. Shahararriyar turbar yini guda ta Tongariro a ƙasar Niyu Zilan tsawonta kimanin kilomita 20 ne, ana gama ta cikin awa bakwai zuwa takwas, kuma a cikin gandun ƙasa take. Duk da haka a 2017 hukumar kula da wurin ta cire allunan da ke nuna hanyar hawa ƙololuwar duwatsun, domin al'ummar Mawori suna ɗaukarsu wurare masu tsarki. Baƙi ba su daina zuwa ba. A Kagoro ma akwai wuraren da dattawa ba za su so baƙo ya taka ba, kuma su ne ya kamata su fara zana layi a ƙasa kafin mai awo ya zana nasa a takarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan wannan magana gaba ɗaya, kuma bai kamata a kauce masa ba. Wani zai ce, yankin da aka kashe fiye da mutum 30 a Agban Kagoro a watan Maris na 2022, aka sake zubar da jini a Malagum a Disamban shekarar, yankin da akwai shekarun da aka dakatar da bikin Afan saboda zaman makoki, zancen tattaki a cikinsa ai raini ne ga waɗanda aka binne. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta. Turba ba ta kawo zaman lafiya, kuma duk wanda ya rubuta a takardar shawara cewa yawon buɗe ido zai kawo ƙarshen kashe-kashe yana yaudarar maigidansa ne. Fiye da haka, idan aka yi gaggawa aka kwaso baƙi daga Abuja aka sace mutum ɗaya, za a rufe zancen na shekara goma, a kuma ɗora wa mutanen yankin tabon abin da ba su aikata ba. Babu mai hankalin da zai shawarci kowa ya hau wannan tsauni shi kaɗai, ko ba tare da sanin fada da jami'an tsaro ba.

Amma akwai abin da turba ke yi wanda rahoton tsaro ba ya yi: tana auna gaskiya. Rahoto yana iya cewa al'amura sun daidaita, shingen bincike yana iya tsayawa a bakin kwalta, amma ko mutum goma za su iya tafiya kilomita 20 a bayan gari su dawo lafiya, mako bayan mako, wannan ba a iya ƙirƙirarsa a ofis. Hanyar da baƙo zai bi kuwa ita ce wadda mace ke bi zuwa gona, ita ce ɗan makaranta ke bi ya sauko. Idan an tsare ta saboda baƙo, su ma sun samu. A watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa dakarun tsaron daji, kuma babbar tambayar da ke kan shirin ita ce su wa za a ɗauka da kuma mene ne aikinsu na yau da kullum. Ga amsa ɗaya a aikace: matasan da suka tashi a gindin tsaunin, waɗanda suka san kowane lungu, su riƙa zaga ƙayyadaddiyar hanya a ƙayyadadden lokaci, suna kai rahoto ga rundunar haɗin gwiwa da ta daɗe tana aiki tsakanin Filato da kudancin Kaduna. Ranar da suka ga alamar da ba su yarda da ita ba, a rufe turbar, ba tare da jiran izini daga kowa ba.

Batun su wa za a ɗauka yana da ƙaiƙayi, amma dole a taɓa shi. Tsaunin na mutanen Gworok ne, Matsirga tana ƙasar Bajju, akwai Fantswam da Kaninkon da Masarautar Jama'a a kewayen Kafanchan, akwai Takad da Asholio ta gabas, akwai kuma Fulani makiyaya da suka daɗe a yankin, waɗanda suka san mashaya da burtali kamar tafin hannunsu. Turbar da aka tsara ba tare da sanin ardo ba, wata rana ayarin baƙi zai yi kiciɓis da garke a mashaya, kowa na tsoron kowa. A watan Maris na 2016 al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Kachia da Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, amma kafin shekarar ta ƙare jini ya sake zuba. Ba don kalmomin yarjejeniyar ba su da kyau ba ne. Babu wani aiki na kullum da ya ɗaure ɓangarorin da juna. Kwamitin da zai zauna kowane wata ya raba kuɗin shiga, ya tsara wa zai yi jagora a wane sashe, ƙaramin abu ne ƙwarai idan aka kwatanta da girman raunin, amma yana tilasta wa mutane haɗuwa a kan wani abu da ba gawa ba.

Kuɗin kansa yana bukatar a faɗi inda zai kwana. Idan wurin ya zama na tarayya, kuɗin ƙofa zai bi ta Remita ya faɗa Asusun Bai Ɗaya, kuma kowane ma'aikaci ya san nisan da ke tsakanin shigar kuɗi wannan asusu da komawarsa ƙauyen da aka karɓe shi. Ana yawan yabon Ruwanda saboda tun 2017 take mayar wa ƙauyukan da ke kewaye da gandayenta kashi 10 cikin ɗari na abin da aka samu. A Kagoro ya kamata lissafin ya juya: kaso mafi tsoka ya tsaya a hannun ɗan jagora da asusun gyaran turba da al'umma, hukuma ta ɗauki ɗan abin da zai riƙe aikin ceto. Ba dukiya ce mai yawa ba, kuma bai kamata a yi wa kowa romon baka ba. Amma yankin da cutar citta ta 2023 ta karya manomansa ya san amfanin samun wata ƙofa ko da ƙarama ce, musamman da yake lokacin hawa ya faɗo ne bayan girbi, sa'ad da matasa ke zaune. Mai masauki a Kafanchan, da mai sayar da acca da zuma, da ɗan acaɓa, duk za su ga alamarsa.

To, mene ne aikin tarayya idan ba ta karɓi tsaunin ba? Aikinta yana nan, sai dai a warwatse yake. Hukumar gandayen ƙasa tana ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli, kuma tana da ƙwararrun da suka san shata turba da horar da jami'ai, har waɗanda suka saba kai baƙi Chappal Waddi, tsauni mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419. Za ta iya ba da aron wannan ƙwarewa ba tare da ta kafa tuta ba. Yawon buɗe ido, tun bayan haɗe ma'aikatu a Oktoban 2024, yana tare da al'adu da fasaha, inda Hukumar Gidajen Tarihi mai kula da Nok take. Taswira tana Ofishin Babban Safiyo na Tarayya. Maganin dafi yana Ma'aikatar Lafiya. Ƙasa kuwa, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, tana hannun gwamna, don haka babu abin da zai motsa sai da Kaduna. Kowace daga cikin waɗannan tana iya cewa ba huruminta ba ne, kuma za ta yi gaskiya. Irin wannan fayil ba ya tafiya sai an samu mutum ɗaya, galibi ba minista ba, wani mataimakin darakta ko hadimi mai naci, da zai ɗauke shi ya riƙa bi. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan yana da malamai da ɗaliban nazarin muhalli da za su iya yin awon farko a matsayin aikin karatu.

Akwai wani abin takaici a gefe. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya haifa, tun da layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1927 ya rabu zuwa Kaduna da Jos. Da layin yana aiki yadda ya kamata, da rabin matsalar kai baƙi ta warware. Yanzu sai mota, ko ta Jere da Kagarko da Kwoi, ko ta Keffi da Akwanga, kuma kowace hanya tana da lokutan da matafiyi ba ya son dare ya same shi a kanta. Wannan ma yana cikin lissafin yini guda: baƙon Abuja zai kwana biyu a Kafanchan ne, ya iso Juma'a da rana, ya hau Asabar, ya koma Lahadi.

Matakin farko bai kai girman da za a kai shi Majalisar Zartarwa ba. A zaɓi hanya guda da fada ta amince da ita, a bi ta da ƙafa a auna ta, a fara da gajeren zango na kilomita takwas ko goma kafin a tsawaita. A horar da matasa ashirin. A kaka ɗaya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a buɗe ta ranar Asabar kawai, ga ƙananan ayari da suka yi rajista tun da wuri, 'yan yankin da ɗalibai su fara kafin baƙin nesa. A gindin tsaunin a ajiye littafi mai bango, a rubuta sunan duk wanda ya hau da lokacin da ya tashi da lokacin da ya sauko, da duk abin da ya faru a hanya, har da ranakun da aka rufe da dalilin rufewar. A ƙarshen Fabrairu a kawo wannan littafi gaban fada da ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha da wakilin hukumar gandaye, a karanta shi shafi bayan shafi, sannan a yanke shawarar ko za a ƙara zango zuwa Matsirga a kaka mai zuwa.